Sa'ar Agogo da Sa'ar Rabo

A harshen Hausa kalma guda mu ke amfani da ita wajen abu biyu. In an ce sa'a, ko dai ana nufin minti sittin na agogo, ko kuwa ana nufin dace da rabo. Mu kan ce mota ta yi sa'a biyu ba ta iso ba, mu kan kuma ce wane ya taki sa'a, ya ci jarrabawa. Har karin magana gare mu, wai sa'a ta fi sammako. Ka ga ke nan tun da daɗewa mutane na zaton rabon mutum yana rataye da lokacin da ya fara al'amari. Ba mu kaɗai ke da wannan zato ba. Amma da wuya a sami inda aka tsara shi daki-daki, aka kuma buga shi a littafi ko wace shekara, kamar Indiya, wadda kakanninmu ke kira Ƙasar Hindu.

Littafin nan sunansa Fancanga. Ina so mu dube shi tare, 'yan'uwana ɗalibai, gama gobe kaɗan za a rarraba mu makarantu, kowa ya tsaya gaban yara arba'in ko fiye, kuma a cikinsu ba za a rasa waɗanda aka tsoratar da su da wata rana ko wani lokaci tun daga gida ba. A ganina littafin nan abu biyu ne aka ɗinke wuri guda, watau lissafi da hukunci. Lissafin ya isa a tuɓe masa hula. Hukuncin kuwa bai kamata ya mallaki mai ilmi ba. Malamin da ya iya warware ɗinkin nan a littafin Hindu, ba zai kāsa warware irinsa a ƙauyen da aka tura shi ba.

Bari mu fara da lissafin. Ma'anar Fancanga a harshen Sanskirit ita ce gaɓa biyar, don ko wace rana abu biyar a ke rubuta mata.

Gaɓa ta fari ita ce titi. Ba fa titin mota ba, kwanan wata ke nan a bakinsu. Ga yadda su ke auna shi. Sun raba kewayen sama digiri 360, kamar yadda mu ke yi a ajin lissafi. Wata ya fi rana saurin tafiya cikin taurari, saboda haka kullum yana ƙara ba ta rata. Duk sa'ad da ratar ta ƙaru da digiri 12, titi ɗaya ya cika. Raba 360 da 12, sai ka sami titi 30 a wata, 15 na lokacin da wata ke girma har ya cika, 15 na lokacin da ya ke raguwa har ya ɓuya. Da ya ke wata ba ya tafiya da sauri ɗaya kullum, wani titi ya kan yi wajen awa 20, wani ya haura awa 26. Kwana a wurinsu daga hudowar rana ya ke farawa, ba daga tsakar dare kamar na Turawa ba, ba kuma daga faɗuwar rana kamar na Musulmi ba. Titin da hudowar rana ta tarar, shi ne kwanan watan wannan yini. Don haka in gajeren titi ya shiga ya fita tsakanin hudowa biyu, sai ka ga kalanda ta tsallake daga 4 ga wata zuwa 6. In kuwa dogo ne, sai ya ci kwana biyu.

Gaɓa ta biyu ita ce wara, watau ranar mako. Sun sa wa ranakun sunayen rana da wata da taurarin nan biyar masu yawo: Lahadi ta rana, Litinin ta wata, Talata ta Marrihu, Laraba ta Uɗarid, Alhamis ta Mushtari, Jumma'a ta Zahra, Asabar ta Zuhal.

Gaɓa ta uku ita ce nakshatira, masaukin wata. Wata ya kan kewaye taurari ya komo inda ya tashi cikin kwana 27 da 'yan awoyi, saboda haka suka yanka hanyarsa masauki 27, ko wane digiri 13 da sulusi. A tatsuniyarsu, masaukan nan matan wata ne su 27, yana yi musu rabon kwana kamar kowane maigida, sai dai ya fi daɗewa a zuci wajen mowarsa, Rohini. Wanda ya taɓa zama kusa da malamin hisabi a ƙasar Hausa zai ji abin ba baƙo ba ne. Larabawa sun ƙidaya masaukai 28, su ne taurarin da malamai ke lissafa damina da su, irin su Zira'a da Nasara da Ɗarfa. Gungun taurarin nan da mu ke kira Kaza da 'Ya'yanta, Larabawa na ce masa Surayya, 'yan Hindu na ce masa Kirittika, kuma shi ne masauki na uku a lissafin duka biyu.

Gaɓa ta huɗu, yoga, ana samunta in an haɗa matsayin rana da na wata a sama, ita ma kashi 27 ce. Ta biyar, karana, rabin titi ce, watau digiri 6.

To, jama'a, duk wannan ba wasan yara ba ne. Duba yadda suka yi da matsalar da ta dami ko wace al'umma mai ƙidayar wata. Wata goma sha biyu kwana 354 ne, shekarar rana kuwa kwana 365, bambancin kwana 11. Kalandar Musulunci ta bar bambancin yadda ya ke, shi ya sa azumi ke zagayawa daga bazara zuwa hunturu. Ikkilisiya ta bi rana, amma ta ɗaure Ista ga cikar wata, shi ya sa ta ke yawo tsakanin Maris da Afrilu. 'Yan Hindu kuwa su kan ƙara wata guda kusan ko wace shekara uku, don kada bukukuwansu su rabu da lokatan shekara. Da wannan dabara Diwali, bikin fitilu, ba ya barin Oktoba da Nuwamba. Littafin ya kan kuma faɗi ranar husufin rana da na wata tun kafin shekara ta kama. Kada mu manta, alƙaluman da za mu koya wa 'yan aji ɗaya, har da sifiri, daga ƙasar nan suka taso, suka biyo ta hannun Larabawa. Mutanen da suka ba duniya sifiri ba su cancanci mu raina lissafinsu ba.

Yanzu sai hukuncin. A gefen gaɓoɓin nan biyar, Fancanga ta kan nuna waɗanne awoyi na yini ne masu albarka, waɗanne ne na nahisa. Wanda ya fi suna cikin na nahisa shi ne Rahu Kalam, watau lokacin Rahu, kuma mutanen kudancin Indiya, irin su Tamil Nadu da Kerala, su suka fi kiyaye shi. Ana raba yini daga hudowar rana zuwa faɗuwarta kashi takwas daidai, a ba Rahu kashi ɗaya. In rana ta hudo ƙarfe 6 ta faɗi ƙarfe 6, ko wane kashi awa ɗaya da rabi ne, jadawalin kuwa ga shi:

Litinin, 7:30 zuwa 9:00
Asabar, 9:00 zuwa 10:30
Jumma'a, 10:30 zuwa 12:00
Laraba, 12:00 zuwa 1:30
Alhamis, 1:30 zuwa 3:00
Talata, 3:00 zuwa 4:30
Lahadi, 4:30 zuwa 6:00

A cikin wannan lokaci mai kiyayewa ba ya fara wani sabon abu. Ba ya kama hanyar tafiya, ba ya sa hannu a takardar ciniki, ba ya ɗaura aure, ba ya tarewa a sabon gida. Akwai wani kashin na nahisa, Yamagandam, shi ma awa ɗaya da rabi. Awa ɗaya da rabi sau 365 ya ba mu awa 547 da rabi, watau yini 45 da ɗoriya a shekara. Haɗa da Yamagandam, rubu'in hasken ranar shekara ke nan aka kange.

Na albarka kuma akwai su. Sun raba dare da rana muhurta 30, ko wace minti 48. Wadda ta faɗo tsakar rana, wajen 11:36 zuwa 12:24, ana kiranta Abijit, wai tana kore cikas. Wadda ke farawa awa ɗaya da minti 36 kafin hudowar rana ita ce ta Birahma, an fi son ta don ibada da karatu. Mutanen yamma kuma, musamman 'yan kasuwar Gujarat, suna da nasu jadawali mai suna Cogadiya. Su ma sun raba yini kashi takwas, amma ko wane kashi da sunansa: Amrit da Shub da Lab masu kyau, Car na tafiya, Kal da Rog da Udbeg marasa kyau.

Kada wani ya zaci talakawan ƙauye kaɗai ke bin wannan. Kasuwar hannun jari ta Mumbai ta kan buɗe na awa ɗaya ranar Diwali, ko da ya ke ranar hutu ce, don 'yan kasuwa su shiga sabuwar shekarar cinikinsu a lokacin albarka. Har 'yancin ƙasar ma abin ya taɓa. Gwamna Mountbatten ya sa 15 ga Agusta 1947, sai masu duba suka ce ranar ba ta da kyau. Marubuta tarihi sun ruwaito cewa wannan na cikin dalilan da suka sa aka yi bikin da tsakar dare. A lissafin Turawa an shiga 15 ga wata, a lissafin Hindu kuwa rana ba ta hudo ba tukuna, ana nan a 14. Kowa ya sami abin da ya ke so.

To, wane ne Rahu ɗin nan da a ke gudu? A tatsuniyarsu wani dodo ne da ya saci kurɓin ruwan rai madawwami. Rana da wata suka tona shi, aka fille masa kai, amma da ya ke ruwan ya riga ya kai maƙogwaro, kan bai mutu ba. Kan shi ne Rahu, gangar jikin ita ce Ketu. Tun daga ran nan ya ke bin rana da wata da gaba, in ya cim musu ya haɗiye, su zurare ta yankakken wuya su fita. Husufi ke nan. Mu da yaranmu ke fita da gwangwani suna kiɗa in an ce rana ta kama wata, ba mu da bakin yin dariya.

Masu lissafinsu kuwa sun daɗe da sanin abin da ke faruwa. Hanyar wata ta karkace daga hanyar rana da wajen digiri 5, saboda haka hanyoyin biyu suna gittawa a wuri biyu. Mahaɗar nan biyu su ne Rahu da Ketu. Babu tauraro a wurin, babu dutse, mararraba ce kawai, kuma tana ja da baya a hankali har ta kewaye sama cikin shekara 18 da wata 7. Husufi ba ya yiwuwa sai rana da wata suna kusa da mararrabar. Tun shekarar 499 Ariyabata ya rubuta cewa inuwar duniya ce ke rufe wata, wata kuma shi ke tare rana. A shekarar 628 Birahmagufta, wanda ya shimfiɗa ƙa'idodin lissafi da sifiri, ya soki masu ture labarin Rahu, alhali shi kansa da lissafin inuwa ya ke gano husufi. Albiruni, malamin nan Musulmi da ya koyi Sanskirit ya rubuta littafi a kan Indiya wajen shekarar 1030, ya lura da wannan, ya kuwa ga laifin babban malami da ya bi son jama'a ya bar abin da ya sani. Wannan gargaɗi ne gare mu, mu masu shirin riƙe alli.

Yanzu koma ka dubi jadawalin can na sama. Me a ke bukata kafin a fitar da lokacin Rahu? Sunan ranar mako da lokacin hudowar rana da faɗuwarta, shi ke nan. Ba a tambayar inda Rahu ya ke a sama. Ko mararrabar tana gabas ko tana yamma, ko husufi ya gabato ko saura wata biyar, Litinin dai 7:30 ne. Titi da nakshatira suna bin abin da ke gudana a sama, kowa na iya fita da dare ya dubi wata ya gaskata ko ya ƙaryata. Lokacin Rahu kuwa jeri ne da mutane suka tsara, suka rataya masa sunan wani abu na sama. Mako kansa ai ƙidayar mutane ce. Wata bai san Litinin ba.

Ga wani abin kuma. Ran Alhamis daga 1:30 zuwa 3:00, mutumin Cennai yana zaune yana jiran Rahu ya wuce. A jadawalin Cogadiya kuwa kashi na shida na Alhamis, watau wannan lokaci daidai, shi ne Amrit, wanda ya fi duka albarka. Ran Jumma'a kuma minti 24 na ƙarshen lokacin Rahu sun faɗa cikin Abijit. Masu duba suna da amsa, su kan ce in an yi karo wannan ya rinjayi wancan. Amma wa ya auna rinjayen, da wane ma'auni?

Nan ne bambancin ya fito fili. Lissafi in ya kuskure ana iya kama shi, gama sama tana nan tana shaida. Ya kuwa kuskure. Masu bin tsofaffin ƙa'idodi da masu bin sabon awo su kan saɓa a kan lokacin shigar titi, har gari biyu su yi biki ɗaya a ranaku daban. Bikin Makar Sankaranti, wanda a ke dangantawa da juyowar rana zuwa arewa, ana yinsa 14 ko 15 ga Janairu, alhali rana ta kan juyo tun 21 ko 22 ga Disamba, domin matsayin taurari yana gusawa digiri ɗaya cikin shekara 72. Bayan samun 'yanci, a 1952, aka kafa kwamitin gyaran kalanda a ƙarƙashin masanin kimiyya Meghnad Saha. Suka tarar da kalanda wajen 30 ana aiki da su a ƙasa ɗaya. Suka ba da rahoto a 1955, aka fara aiki da kalandar ƙasa ran 22 ga Maris 1957, aka kuma ɗora wa wani ofishi a Kalkata aikin buga Fancanga ta ƙasa bisa awon zamani. An gyara lissafi ke nan. Hukuncin fa, wa zai gyara shi? In ka fara ciniki lokacin Rahu ka yi hasara, a ce ka gani. In ka ci riba, a ce tauraronka ne mai ƙarfi. In ka kiyaye lokacin duk da haka ka yi hasara, a ce akwai wata nahisa da ba a duba ba. Maganar da ba ta da hanyar faɗuwa, ba ta da hanyar tabbata.

Sai an gwada a kan san na ƙwarai, Indiyawa kuwa sun gwada. A farkon Fabrairu 1962 rana da wata da taurari biyar da Ketu suka taru a buruji guda. Masu duba suka ce babbar halaka ta zo. Aka rufe kantuna, aka yi ta hadayu, waɗansu suka kwana a fili don tsoron girgizar ƙasa. Firayim Minista Nehru ya mai da abin abin dariya. Kwanakin suka wuce, gari ya waye lafiya. A 2008 kuma, a birnin Pune, masanin sararin sama Jayant Narlikar da abokan aikinsa suka tattara lokatan haihuwar yara 200, rabi masu hazaƙa a makaranta, rabi masu naƙasar ƙwaƙwalwa. Aka ba ko wane mai duba takardun yara 40 ya rarrabe. Mutum 27 suka mai da amsa. Wanda ya fi kowa ya dace da 24, in aka haɗa su duka kuwa ba su kai rabi ba. Wanda ke jefa kwabo sama ya ce kai ko wutsiya, shi ma rabi zai samu.

Adalci ne mu ji ta bakin masu kiyayewa. Za su ce abin bai hana aiki ba, farawa kaɗai ya shafa, manomi ba ya ajiye garma don Rahu, jirgin ƙasa ba ya tsayawa. Za su ce jiran awa guda ba hasara ba ce in zai kwantar da hankalin tsohuwa. Za su ce zaɓen lokaci yana sa mutum ya nutsu, ya ɗauki aure ko ginin gida da muhimmanci, yana kuma raba gardama tsakanin dangin ango da na amarya, tun da ba wanda ya zaɓi ranar sai littafi. Duk wannan akwai gaskiya a ciki. Wanda ya tashi kafin hudowar rana ya yi karatu ba zai yi da-na-sani ba, ko ya kira lokacin da sunan Birahma ko ya kira shi asuba. Ni kuma ban ga laifin al'umma ta keɓe ranakun biki da na ibada ba, ba wadda ba ta yi.

Amma keɓe rana don murna daban, tsoron awa daban. Tsoro in aka ba shi masauki a zaure, sai ya nemi shiga cikin gida. Likitoci a Indiya sun daɗe suna kuka da iyalan da ke zuwa da lokacin da mai duba ya zaɓa, su ce lalle a yi wa mace aiki a ciro jariri a wannan minti, alhali shawarar likitoci ita ce kada a yi irin aikin nan kafin mako 39 in ba da larura ba, don huhun jariri ya ƙosa. Ranar Akshaya Tiritiya, titi na uku na watan Waishaka, wadda a ke ɗauka duk yininta albarka ne, hukuma ta kan baza ma'aikata a jihohi irin su Rajastan don hana aurar da ƙananan yara, ko da ya ke dokar 2006 ta haramta aurar da yarinya kafin shekara 18. Jaririn da aka haifa wata yana masaukin Mula, a waɗansu gidaje ana cewa ya zo wa uba da nahisa, uban ba ya duban fuskarsa sai an yi wata hadaya bayan kwana 27. Ana ba da labari cewa saboda wannan ne iyayen Tulsidas suka yar da shi yana jariri. Yaron nan shi ya girma ya zama ɗaya daga cikin manyan mawaƙan Indiya a ƙarni na 16, har yau ana rera aikinsa a gidaje. Yara nawa aka yi wa irin wannan tambari, ba su sami mai ɗaukarsu ba?

Hasarar da ta fi damuna, ni mai koyon koyarwa, ita ce wadda ba a gani. Yaron da ya gaskata cewa awa ce ta kā da shi jarrabawa ba zai koma ya dubi inda ya kuskure ba. An ba shi wanda zai ɗora wa laifi, an kuma ƙwace masa hanyar gyara.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Ba sai mun je Indiya za mu ga wannan ba. A ƙasar Hausa akwai masu tsoron Larabgana, Larabar ƙarshen watan Safar, akwai masu zuwa a buga musu ƙasa kafin su sa ranar tafiya. A garuruwanmu na tudu da na kwari, ko wace ƙabila da ranar da ba a shiga gona ko ba a ƙetare rafi. Turawan da suka kawo mana boko su ma suna tsoron Jumma'ar da ta faɗo 13 ga wata, har a kan gina dogon bene a tsallake lamba 13. Bambancinmu da 'yan Hindu shi ne su sun rubuta nasu da minti da daƙiƙa, shi ya sa ya yi daɗin nazari.

Me malami zai yi? Ba'a ba ta cire tsoro, sai dai ta sa yaro ya ɓoye shi, ta kuma haɗa ka faɗa da iyayensa. Shiru kuma irin na Birahmagufta ne. Hanya ta uku ita ce a koya wa yaro tambaya guda: a cikin maganar nan, wane sashe ne za mu iya fita waje mu gwada? Kayan gwajin ba su da tsada. Kafa sanda a filin makaranta, yara su auna inuwarta su gano tsakar rana. Su dubi wata ko wane dare a lokaci guda, su miƙe hannu su auna da dunƙule, za su ga yana gusawa gabas fiye da dunƙule ɗaya kaɗan ko wace rana, titi ke nan sun gano da idonsu. Sa'an nan a kawo wake ƙwaya 100. A shuka 50 a lokacin da a ke tsoro, ko na Rahu ne ko na garinsu, 50 kuma a lokacin da a ke so, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya. Bayan mako su ƙirga tsiro da kansu, su rubuta a allo. A sake, a kuma sake. Malami ba sai ya ce kome ba.

A 1976 Indiyawa suka ƙara cikin tsarin mulkinsu cewa wajibi ne a kan ko wane ɗan ƙasa ya raya halin bincike irin na kimiyya. Ƙasar da ta haifi Fancanga ita ta rubuta wannan, ba baƙo ya rubuta mata ba. Doka kuwa ba ta shiga kan yaro sai ta hannun malami.

Abu na ƙarshe, ku sake duban layin farko na jadawalin. Litinin, 7:30 zuwa 9:00. Lokacin nan ne a ke buga ƙararrawa a buɗe sabon zango a yawancin makarantun ƙasar nan, a cikinsa a ke rubuta sunayen sababbin yara, a cikinsa kuma yawancinmu za mu tsaya gaban ajinmu na fari. Da likitocinmu da alƙalanmu da malaman da ke koya mana yau, akasarinsu a irin wannan safiya suka fara. Wanda ya kwana da shirin darasinsa a rubuce, ya zo da allinsa, ya san sunayen yaransa, to ya shiga aji da ƙarfin zuciya. Allah ya ba mu sa'a, mu kuma mu yi sammako.